Me ya sa jama'a ke yaba wa sabon shugaba kan kama ɓarayi, suna kuka da shi kan tsadar rayuwa?

Wani malamin makarantar firamare daga Kumo ya aiko da tambaya kamar haka: "Kullum muna jin ana karanto sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a rediyo, wai kashi kaza sun gamsu da shugaban ƙasa, kashi kaza ba su gamsu ba. A farkon mulkin Buhari mutane sun yaba masa kan yaƙi da rashawa amma suna kukan tsadar rayuwa. Yanzu kuma ga Tinubu a kan mulki. Ni dai ba a taɓa tambayata ba, ban kuma san wanda aka tambaya ba. Shin alƙaluman nan gaskiya ne? Kuma ta yaya mutum zai ce shugaba na ƙoƙari alhali da yunwa yake kwana?"

Malam, na gode ƙwarai, kuma na ji daɗi da tambayar ta fito daga malamin makaranta, domin ku ne albashinku ke fara shaida halin da ƙasa ta shiga. Na yi shekaru ina fita da matasa masu ɗaukar bayanai gida-gida, daga Dukku zuwa Kaltungo, daga Azare zuwa Dass. Abin da zan faɗa maka a can na koyo shi, sai kuma alƙaluman hukuma da kowa ke iya dubawa.

Mu fara da ƙorafinka na cewa ba a taɓa tambayarka ba. Ka shiga kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe ka tsaya kusa da mai sayen masara. Ba ya zazzage buhu ƙasa don ya ga abin da ke ciki. Ɗan ƙarfen nan mai rami yake soka wa buhun, sama da tsakiya da ƙasa, ya karɓi 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ya duba. Abin da ya sa yake sokawa wuri uku, ya san akwai masu zuba ta kirki a baki su ɓoye mai ƙwari a gindi. To haka aikinmu yake. Cibiyoyin da aka sani da shi, irin su NOIPolls da ke Abuja da Afrobarometer mai aiki a ƙasashen Afirka sama da 30, sukan tambayi mutum 1,000 zuwa 2,400 ne a duk faɗin Najeriya. Idan an zaɓo mutum 1,000 bisa ƙa'ida, kuskuren da ake sa rai bai cika wuce maki 3 sama ko ƙasa ba. Don haka yawan mutanen ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce inda aka soka ƙarfen.

Ka yi lissafin da kanka. A ƙidayar 2006 Najeriya na da mutum miliyan 140, Jihar Gombe na da kusan miliyan 2.4, Bauchi kusan miliyan 4.7. Ke nan a cikin mutum 1,000 rabon Gombe bai wuce 17 ba, na Bauchi 33, jihohin Arewa maso Gabas shida gaba ɗaya kimanin 135. Wannan ya isa a faɗi inda ƙasa baki ɗaya ta karkata, amma bai isa a ce ga ra'ayin mutanen Gombe ba. Duk ranar da ka ji an ce "mutanen Bauchi kashi kaza sun ce kaza" daga irin wannan bincike na ƙasa, ka riƙe maganar da hannu biyu kafin ka haɗiye ta. Sannan da yawa ta waya ake yi, don ya fi arha. Waya kuwa tana samun ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗalibi, tana tsallake matar da wayar gidan ke aljihun maigida, da makiyayin da ke daji, da ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Su kuma waɗannan da ake tsallakewa su ne tsadar hatsi ta fi dukansu.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a rahoto, wanda ni a wurina ya fi duk waɗannan nauyi, wato harshe da tarbiyya. Tambayar da Turanci ake tsara ta. Ka juya ta zuwa Hausa ka ce "ka gamsu da aikinsa?" za ka samu amsa ɗaya. Ka ce "kana goyon bayansa?" ka samu wata. Ka ce "ka yarda da shi?" ka samu ta uku, domin yarda magana ce ta hali da amana, ba ta shafi farashin gero ba. Haka za a sake juya ta zuwa Fulatanci a Nafaɗa, ko Tangale a Billiri, kowane juyi da ɗan abin da yake zubarwa a hanya. Bahaushe kuma ba ya buɗe wa baƙo cikinsa a gaisuwar farko. Ka tambaye shi ya rayuwa, ya ce alhamdulillahi. Ya kasuwa, sai godiya. Yaron da bai goge da aiki ba sai ya rubuta "ya gamsu" ya wuce gida na gaba. Nakan ce wa yarana su zauna a tabarma, su sha ruwan da aka kawo musu, su bari a gama gaisuwa, sannan su tambayi abin da ake iya ƙirgawa: jiya sau nawa aka ɗora tukunya a gidan nan? A nan gaskiya ke fitowa. Wani kuma gani yake kai ɗan gwamnati ne mai rubuta sunayen masu samun tallafi, sai ya yabi gwamnati don kada a cire shi, ko ya ƙara wa talaucinsa gishiri don a sa shi. Duk waɗannan suna cikin "kashi kaza" ɗin da kake ji a rediyo.

To, ga ainihin tambayarka. Mutum ɗaya na iya yabo da kuka a lokaci guda, kuma ba ruɗewa ya yi ba, domin ma'auni biyu yake amfani da su. Tattalin arziki da mudu yake auna shi. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna sama da rabin abin da gidaje ke kashewa a Najeriya, kusan kashi 57 cikin 100, abinci ke cinye shi, kuma a gidan talaka ya fi haka. Wannan ma'aunin kullum safiya ake ɗora shi, ba ya jiran jawabin minista. Yaƙi da rashawa kuwa talaka ba ya ganinsa da ido. Bai taɓa shiga harabar kotun tarayya ba, bai ga takardar tuhuma ba. Ji yake a rediyo an kama wane, an gurfanar da wane, sai ya haɗa da abin da ya riga ya ɗauka game da halin shugaban. Wancan gani ne, wannan ji ne da yarda. Shi ya sa na farko ke juyawa cikin mako guda, na biyu kuma yake ɗaukar shekaru kafin ya motsa.

Ba inda aka ga wannan ƙarara kamar yankinmu a 2015. A zaɓen 28 ga Maris Bauchi ta ba Buhari ƙuri'a sama da 900,000, Jonathan bai kai 100,000 ba. Gombe ma, duk da gwamnan PDP ke mulki, Buhari ya samu sama da 360,000. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, ya ce shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne. Kafin ya taɓa komai mutane sun riga sun ba shi bashin yarda mai yawa, tun daga sunan Mai Gaskiya da suka daɗe suna kiransa da shi. Sai abubuwa suka biyo baya da suka yi daidai da abin da ake jira. A watan Satumba aka tilasta wa ma'aikatu mayar da kuɗinsu asusun bai-ɗaya a Babban Banki. A Nuwamba aka ba Ibrahim Magu riƙon hukumar yaƙi da rashawa ta EFCC. A Disamba aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ka tuna wannan yanki ne da ya sha bom a tashar Dukku da babbar kasuwar Gombe a wancan lokacin, ya ga 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe sun cika unguwanni. Mutumin da aka ce masa kuɗin makaman da za a kare shi da su ne aka raba, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A ɗaya gefen kuma aljihu na ƙonewa. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Masu fasa bututu a Neja Delta suka rage abin da ake haƙowa. An yi wata biyar da 'yan kai babu ministoci, sai 11 ga Nuwamba aka rantsar da su. Babban Banki ya hana masu shigo da kaya iri 41 dala a farashin gwamnati, ya riƙe naira a wajen 197 har zuwa Yunin 2016, alhali a wurin 'yan canji ta yi nisa, har ta haura 500 a farkon 2017. Hauhawar farashi da ke kashi 9 lokacin rantsuwa ta kai 18.72 a Janairun 2017. A 2016 tattalin arzikin ƙasa ya ja baya da kusan kashi 1.6, abin da aka yi shekara sama da 20 ba a gani ba.

Amma dubi abin da ya faru da man fetur. A Janairun 2012 Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, sai da ya dawo da ita 97. A Mayun 2016 Buhari ya ɗaga ta daga 86.50 zuwa 145, ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aiki, a nan Arewa kasuwanni suka ci gaba da ci, cikin 'yan kwanaki aka janye. Mataki iri ɗaya, zafi iri ɗaya a aljihu, amma martanin ya sha bamban, saboda a karo na biyu mutane sun yi imani kuɗin ba aljihun wani za su shiga ba.

A daminar 2016 ɗin na zauna da wani dattijo a zauren gidansa a wani ƙauye ta wajen Bajoga. Ya ce mini shekara biyu ke nan bai iya sayen takin da ya saba ba, rabin gonarsa ya bar ta da takin shanu kawai. Ya buɗe rumbu ya nuna mini, geron bai kai gwiwa ba, ga watan Agusta bai shigo ba. Na rubuta. Da muka zo kan tambayar shugaban ƙasa sai ya gyara zama, ya ce wannan wahala ta gyara ce, ɓarayi ne suka ɓoye kuɗi don su kunyata Baba, da zarar an ƙwato komai zai sauko. Bai yi mini ƙarya a amsa ta farko ba, bai yi a ta biyu ba. Yardar da ya yi wa shugaba ita ta fassara masa yunwar da yake ji. Na daɗe ina tuna mutumin nan, domin a bakinsa na gane cewa yabon da ake wa sabon shugaba kan rashawa haƙuri yake saya masa a kasuwa, kuma haƙurin nan yana da ranar ƙarewa.

Akwai kuskure a cikin lissafin dattijon, kuma ya kamata ku malamai ku riƙa gyara shi a majalisa. Kuɗin da ake ƙwatowa, duk yawansu a kunne, ba sa saukar da farashin mudu. Dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta dawo da su, waɗanda aka riƙa raba wa gidajen talakawa naira 5,000 a wata, idan ka kasa su a kan 'yan Najeriya duka kowa bai samu dala 2 ba. Farashin hatsi yana bin darajar naira, da kuɗin mai da dizal, da tsadar taki, da damina, da ko manomi na iya zuwa gonarsa lafiya. Shugaban da ya bar mutane suka ɗauka kama ɓarayi zai cika musu tukunya ya ɗaukar wa kansa alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Bashin yardar nan a hankali ya riƙa zaizayewa. Mutane sun ga Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da Magu har sau biyu, ƙarshe a 2020 gwamnatin da ta naɗa shi ta dakatar da shi. Sun ga Abdulrasheed Maina, wanda ake nema kan kuɗin 'yan fansho, ya dawo aiki a 2017 kafin hayaniya ta sa a kore shi, sai 2021 aka yanke masa shekara 8. Sun ga an riƙe Dasuki shekara 4 duk da belin da kotuna suka ba shi, aka sake shi a Disambar 2019 shari'a ba ta ƙare ba. An ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato, a 2018, abin da ya ƙara wa gwamnati kwarjini sosai, sai kuma aka yi musu afuwa a Afrilun 2022. Daga nan kalmomin majalisar hira suka sauya, ana ta maganar shafaffu da mai da bi-ta-da-ƙulli. Duk da haka Bauchi da Gombe sun sake zaɓen Buhari a 2019. Sai dai a wannan zaɓen mutanen Bauchi sun kayar da gwamnan APC mai ci suka kawo Bala Mohammed, wato fushin ya sauka a kan na kusa. A 2023, da babu Buhari a takarda, jihohin biyu Atiku suka ba rinjaye.

Tinubu ya shigo ta wata ƙofa dabam. Ya ci zaɓe da ƙuri'a miliyan 8.79, ƙasa da kashi 37 cikin 100, kuma bai zo da sunan mai tsantseni kan dukiya ba, da sunan gwanin siyasa da iya tara haraji a Legas ya zo. Ke nan ba shi da wannan ajiyar ta yarda a yankinmu da zai ci daga ciki. Kuma a jawabinsa na rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. A Yuli ta kai 617, a Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Tsakiyar Yunin 2023 aka saki naira, daga wajen 460 ta koma sama da 700 a hukumance, farkon 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi daga kashi 22.41 a Mayun 2023 ta kai 34.80 a Disambar 2024. A Janairun 2025 an sauya yadda ake lissafin sai adadin ya koma 24.48. A kula, ma'aunin aka sauya, wannan saukar ba ta nufin kaya sun yi arha a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ke Bauchi.

Kai da kake karɓar albashi, ga lissafin da ya fi kusa da kai. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 yana sayen lita 150 da ɗoriya lokacin da mai ke wajen 195. Sabon na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kai lita 70 ba a farashin da ya wuce 1,000. An ninka albashi fiye da sau biyu, ƙarfinsa a gidan mai ya ragu da fiye da rabi. Wannan kuma ya sauka ne a kan jama'ar da tun 2022 hukuma ta ce kashi 63 cikinsu, mutum miliyan 133, na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Gombe na sahun jihohin da abin ya fi tsanani. A azumin 2024 mata da yara suka rasa rayukansu a turmutsutsun karɓar zakka a cikin garin Bauchi. A Agusta zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, har aka sa dokar hana fita a Azare. Ba sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayi ba kafin a san inda mutanenmu suka tsaya kan tattalin arziki.

A ganina cire tallafin yana da hujja. A 2022 kaɗai ya lashe sama da naira tiriliyan 4, wani kaso na man kuma ƙetare iyaka yake yi zuwa Kamaru da Nijar da Benin, kuma manyan 'yan takarar 2023 uku duk sun ce za su cire. Laifin da nake gani shi ne an cire kafin a tanadi abin da talaka zai dafa, aka haɗa da sakin naira cikin mako biyu, ga rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 da ya tsayar da fatauci har zuwa Maris ɗin 2024. Ba a fafe gora ranar tafiya. Motocin gas da lamunin ɗalibai da ƙarin albashi duk bayan wuta ta kama suka zo.

A kan rashawa an ga motsi. An dakatar da gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ranar 9 ga Yunin 2023, kuma wannan ya yi wa mutanenmu daɗi ainun, saboda ba su manta da wahalar canjin kuɗi ba, lokacin da mai saniya ya kai ta kasuwa ya rasa mai biyansa da tsaba. An dakatar da shugaban EFCC Abdulrasheed Bawa, aka naɗa Ola Olukoyede a Oktoba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan batun naira miliyan 585. A Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Abuja. Da a 2015 aka yi waɗannan, da an yi ta murna a teburin mai shayi har wata guda. Yanzu kuwa kwana biyu ake maganarsu a koma kan farashin shinkafa. Dalili na farko, mutane sun taɓa ganin kame bai zama ɗauri ba. Na biyu, talaka ba ya raba sata da almubazzaranci yadda lauya ke rabawa. Da ya ji an sayi sabon jirgin shugaban ƙasa, an saya wa 'yan majalisa manyan motoci, an naɗa ministoci sama da 40, a lokacin da ake ce masa ya ƙara haƙuri, duk a kwando ɗaya yake zuba su, ko da kuwa an bi doka wajen kashe kuɗin.

Bara wata ma'aikaciyata ta shiga wani gida a unguwar Bolari cikin Gombe, ni ina zaure ina jira. Da ta fito ta nuna mini takardar. Matar gidan, mai 'ya'ya shida, tana sayar da ƙosai ne da safe, ta ce ta daina saboda kuɗin wake da man gyaɗa sun cinye uwar kuɗin. Da aka tambaye ta ko gwamnati na ƙoƙari wajen yaƙi da cin hanci, ba ta zaɓi ko ɗaya daga amsoshin da aka karanta mata ba. Cewa ta yi, kuɗin da aka ce an daina biya na mai, suna ina? Yarinyar ta rasa akwatin da za ta sa wannan amsa, sai ta rubuta ta a gefen takarda. Ka kwatanta ta da dattijon Bajoga. Shi yardarsa ce ta fassara masa yunwa. Ita yunwar ce ke fassara mata duk labarin kame da za ta ji. Ma'aunan nan biyu ba sa daɗewa a rabe, ɗaya sai ya rinjayi ɗaya, kuma idan tsada ta yi tsawo mudu ne ke rinjaye.

Tambayar matar nan tana da amsa, kuma rabin amsar a kusa da mu take. Tun da aka cire tallafi aka saki naira, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai a lissafin naira. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye. Amma mu idonmu na kan Abuja, yabo can, zagi can. Rufin ajinku da ke yoyo, da maganin asibitin gari, da ƙarin girman da ka shekara kana jira, ba a fadar shugaban ƙasa ake sa musu hannu ba.

In kana son ma'aunin rashawa da ya fi labarin kame inganci, akwai guda biyu. Ƙungiyar Transparency International na ba ƙasashe maki cikin 100 kowace shekara. Najeriya ta samu 26 a 2015, ta hau 28 a 2016, ta sauko 24 a 2021, ta koma 26 a 2024. Shekara goma ana kai da kawo tsakanin 24 da 28, duk da hayaniyar da aka sha. Na biyun ya fi burge ni domin talaka ake tambaya abin da ya same shi da kansa. Hukumar Ƙididdiga tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun laifuka sun tambayi waɗanda suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati ko an nemi cin hanci a wurinsu ko sun bayar. A 2016 kusan kashi 32 ne, a 2019 kashi 30, a 2023 kashi 27 ne suka ce sun bayar, kuma an ƙiyasta tsabar kuɗin da aka miƙa wa ma'aikata a 2023 ya kai naira biliyan 721. Ana samun sauƙi, amma tafiyar hawainiya ce, kuma ba ta bin sunan wanda ke kan kujera.

A wannan ƙaramar rashawar ce ma ake samun inda cin hanci ke shiga farashin abinci kai-tsaye. Direban da ya ɗauko wake daga Gombe ko shanu daga kasuwar ƙauye zuwa Kudu, kowane shinge sai ya miƙa na goro. Ba daga aljihunsa yake biya ba, a kan buhu yake ɗorawa, mai saye a ƙarshe shi ke biya. Takin gwamnati da ke ɓacewa tsakanin sito da manomi ya ɓullo a kasuwa, shi ma a mudun kaka ake biyan kuɗinsa. Shugaban da ya rage waɗannan, mutane za su ji a tukunya ko da bai kama tsohon gwamna ko ɗaya ba.

Don haka, Malam, in ka sake jin an karanto irin wannan sakamako, ka nemi sanin mutum nawa aka tambaya, ta waya ko gida-gida, a wane wata, domin amsar da manomi zai bayar a Agusta rumbu ya yi ƙasa ba ita zai bayar a Disamba ba. Ka nemi sanin wa ya biya kuɗin aikin, kuma da wace kalma aka yi tambayar. In an samu cibiya ɗaya da ke maimaita tambaya ɗaya duk bayan 'yan watanni, ka bi hawa da saukar adadin, ya fi adadin rana ɗaya amfani. Kuma kana iya gwadawa a ɗakin malamai na makarantarku. Kada ka tambaye su ko sun gamsu da shugaban ƙasa, za ku ɓata la'asar kuna gardamar jam'iyya. Tambaye su ranar nawa ga wata albashin da ya wuce ya ƙare, sannan a wata ukun nan sau nawa aka nemi na goro a hannunsu kafin a yi musu aikin da haƙƙinsu ne. Ka rubuta amsoshin a bayan rajista da kwanan wata, bayan girbi ka sake yi musu tambayoyin nan biyu.